Kyautar da Ba a Ramawa

Idan ka bi ta bayan kasuwar Dutse ka miƙe gabas, za ka ga wani kango mai hawa biyu, rufinsa ya rufta, tumfafiya ta fito a tsakar gida. Ko awaki ba sa shiga su fake wa rana. Gidan Alhaji Yahuza ne, mutumin da ya shekara bakwai ba a ga ya miƙa hannu ya karɓi ko ɓarin goro daga wurin wani ba. A lokacin wasu sun ɗauka wadatar zuci ce, har ana buga misali da shi. Ba ita ba ce. Ni kuwa ba zan rufa masa asiri don ya mutu ba, domin waɗanda ya tura gabansa sun fi shi cancantar tausayi.

Yahuza ɗan Gidan Ashafa ne, wani ƙauye a ƙasar Buji. Mahaifinsa ya rasu yana rarrafe, ya bar shi da mahaifiyarsa Inna Adama da gona guda mai yashi. Mutanen ƙauyen ne suka tashe shi. Damina na faɗuwa za a kira gayya a nome wa Inna gonarta, da kaka a taya ta yanka, idan danga ta faɗi a tayar. A irin wannan wuri kowa ya san abin da ke kansa. Yau an zo gonarka, gobe ka saɓi fartanya ka je ta wani. An aiko maka da kwanon tuwo, ba ka mayar da shi a wanke kawai, sai ka jefa wani abu a ciki ko da ƙullin daddawa ne. Babu wanda ya rubuta wannan doka, amma wanda ya karya ta ba ya jin daɗin zama da mutane.

Wannan zaman ne Yahuza ya tashi da ƙinsa. Bai taɓa ganin alherin da ke ciki ba, igiyar kawai yake gani. Idan tsoho ya ce masa, mu muka nome gonar uwarka, sai ya ji kamar an tofa masa yawu. Burinsa tun yana saurayi shi ne ya kai matsayin da kowa zai durƙusa ya gode masa, shi kuma ba zai gode wa kowa ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birni, ma'aikata suka yi ta kwararowa, garin ya cika da baƙi masu neman ɗaki da abinci. Yahuza ya ɗauki matarsa Adawiyya suka shigo. Taubashinsa Jaji ne ya ɗebo masa buhu uku na gero daga rumbunsa ya fara awo da su, shi ne kuma ya ci gaba da nome gonar Inna. Suka kama ɗaki biyu a gidan haya tare da wani ma'aikacin sakatariya, Dalyop, mutumin Filato, da matarsa Angelina wadda unguwa ke kira Maman Sofiya. Yahuza ya iya awo, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya san idan ya cika tiya ya ƙara wa mace gyara da tafin hannu guda, kunya ba za ta bar ta ta wuce rumfarsa gobe ba. Amma shekara uku yana nan a kan tabarmar awo, alhali sa'o'insa da suka shigo gari da silifa ɗaya sun zama 'yan kwangila. Abin ya ci masa rai har ya daina barci mai daɗi.

Wani direban babbar mota ne ya kwatanta masa wurin wani boka, Baba Arzika. Ya ce kada ya je da safe, kada ya je da yamma, sai rana ta take tsaka, lokacin da mutum ke taka inuwarsa.

Wurin yana bayan duwatsu, tafiyar awa guda a ƙafa daga inda mota ke tsayawa. Sai ka bi ta wata tsaga da ba ta ɗaukar mutum biyu, ka ɓulla wani fili da babu ciyawa ko ɗaya. Wata busasshiyar tsamiya na tsaye a tsakiya, an ɗaure mata tsummoki baƙaƙe da ja. A gindinta an binne wata baƙar tukunya har wuya, an rufe bakinta da faifai. Jini ya bushe a jikinta, wani kan wani, ya yi kauri kamar ƙanzo, gashin kaji ya manne a ciki. Abin da ya fara tayar masa da tsikar jiki shi ne duk ƙarnin da ke tashi babu ƙuda ko ɗaya. Kewaye da tukunyar kuma ƙore ne a kife, sun fi ɗari, an jera su layi-layi, wasu sababbi wasu rana ta cinye su.

Ya zaci zai ga wani ƙato mai jajayen idanu. Sai ga wani ɗan tsamurmurin tsoho cikin tsabtatacciyar taguwa, mai taushin murya, ya shimfiɗa masa buzu. Ya saurari bukatarsa har ƙarshe bai katse shi ba.

"Arziki ba wuya," in ji tsohon. "Mai tukunya yana da shi. Kana da uwa?"

"Ina da ita, Baba."

"Ka ba shi ita."

Yahuza ya miƙe zumbur, ya ce ba da shi ba, ya juya zai tafi. Tsohon ya ce ya zauna, ai magana ake. Ya tambaya ko matarsa na da ciki. Yahuza ya ce wata huɗu. Ya ce to a ba da abin da ke cikin. Yahuza ya sake ƙi, amma wannan karon bai tashi ba.

Baba Arzika ya yi ajiyar zuciya irin ta ɗan kasuwar da aka ƙure. "Ka ga na sauko maka sau biyu, yaro. Na bar maka uwarka, na bar maka ɗanka. Kai ba za ka matso ko taki ɗaya ba?"

A nan aka kama shi, kuma da tarkon da shi kansa yake ɗana wa mutane kullum a kasuwa. Ka fara yanka farashin da ka san ba za a saya ba, ka sauko, mai saye ya ji nauyin ka yi masa ragi, shi ma ya hau. Yahuza ya san wannan sarai. Duk da haka ya ji a ransa tsohon ya yi masa kara, bai kamata ya tashi bai yarda da komai ba. Ya tambayi abin da ya rage.

"Ƙaramin abu ne. Ka yi ta kyauta. Ka ba na kusa ka ba na nesa, hannunka kada ya rufe. Amma kada ka karɓa. Ciniki daban, saya ka sayar yadda kake so. Abin da na hana ka shi ne ramuwa. Ba tukuici, ba gudummawa, ba ƙwaryar godiya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ranar da ka karɓi abu da saninka daga hannun wanda ya ci naka, abin nasa ne na kansa, ya kuma ba ka da son ransa, ranar komai zai koma inda ya fito. Kai kuma ka koma kan tiyarka."

Yahuza ya kusa yin dariya. Wannan ai burinsa ne aka miƙo masa a matsayin sharaɗi. Sai dai ya ce, "To ramuwar da za su yi fa, Baba?"

"Ba ta ɓacewa," in ji tsohon, yana kallon tukunya. "Akwai mai karɓa."

Mutum mai hankali a nan zai tambaya, me ake karɓa, daga wurin wa? Yahuza ba wawa ba ne. Ya tsuke bakinsa ne don ba ya son jin amsar.

Aka yanka baƙin bunsuru a bakin tukunya, jinin ya shige babu ƙara kamar rami ne marar ƙasa. Tsohon ya ɗaga faifan, ya ce ya zura hannun dama, tafin yana kallon ƙasa. Ciki da sanyi ƙalau duk da zafin ranar. Sai ya ji wani abu mai kaushi ya lashi tafin hannunsa, sau uku, a hankali. Da ya zaro hannun, tafin ya bushe ƙamas, kuma daga ranar bai ƙara yin gumi ba. Baba Arzika ya ɗauko sabuwar ƙwarya, ya sa shi ya faɗi sunansa da na uwarsa a cikinta, ya kife ta a ƙarshen layi.

Ba a yi wata biyu ba ya sami kwangilar kai hatsi makarantun kwana. Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗewa. Idan ya sayi gero ya ajiye, sai farashi ya tashi. Idan ya sayar, sai ya faɗi. Ya sayi babbar mota ɗaya, ta zama huɗu. Ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya gina benen nan, ya cika ɗakunan ajiya da buhuna har rufi. Kyauta kuwa kamar ruwan Agusta. Buhunan azumi, ragunan layya, kwanon rufi, kekuna, duk wanda ya zo gaisuwa ba ya fita hannu rabbana.

Da fari gari ya ɗauka da yabo. Sannan mutane suka fara ƙoƙarin ramawa, kamar yadda aka tarbiyyantar da su. Wannan ya kawo zabi, wancan ya kawo ƙwai, wata tsohuwa ta kawo man shanu. Duk a mayar musu tun daga bakin ƙofa. Wanda bai taɓa ɗanɗana wannan ba ba zai san zafinsa ba. A ba ka abin da ya fi ƙarfinka, ka kawo ɗan abin da kake iyawa don ka sami damar ɗaga kai, a ce maka ba a so. An gaya maka ke nan kai ba kowa ba ne. Sai ga magidanta suna durƙusa masa a zaure suna tsine masa a hanya. Amma idan ya nemi filin mutum, ba a iya hana shi. Idan ya ce ga wanda za a bi, sai a bi. Nauyinsa ya danne kowa, shi kuwa abin da yake so ke nan.

Jaji ne ya fara gani a jikinsa. Yahuza ya aika masa da shanun noma biyu da garma, ba don ƙauna ba, sai don ya goge maganar buhu ukun nan. Da kaka Jaji ya ɗoro dami goma na gero a amalanke, ya yi tafiyar yini guda har Dutse. Yahuza ya fito gaban jama'a ya ce a juya da amalanken, gidansa ba ya bukatar geron kowa. Jaji ya tsaya ya dube shi, ya kira shi da sunansa ba Alhaji, ya ce shi ba maroƙi ba ne, ɗan'uwa ne. Ya juya da amalankensa. Kafin watan ya ƙare, babban ɗan Jaji, saurayi mai shirin aure, ya faɗi a bayan shanun nan bai shura ba. A makon ne Yahuza ya sami kwangilar da ta saya masa mota ta biyar.

Ya lura. Kada wani ya ce bai lura ba. Wanda aka ba keke ya karye, wanda aka ba kwanon rufi gobara ta tashi a ɗakinsa, wadda aka ba keken ɗinki idonta ya rufe. Ƙaramar kyauta ƙaramar asara, babba kuwa rai. Kuma duk ranar da aka yi kuka a wani gida, alheri na shigowa nasa. Zuwa shekara ta uku ya gama fahimtar abin da mai tukunya ke karɓa, ya kuma san hanyar tsayar da shi. Bai tsayar ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya janye hannunsa daga mutanen gidansa. Ci da sha da sutura haƙƙi ne, ba kyauta ba, ya tsaya a nan. Mahaifiyarsa kuwa ya bar ta a ɗakinta na ƙasa a ƙauye, ko sabulu ba ya aika mata.

Tsohon maƙwabcinsa Dalyop bai taɓa roƙonsa komai ba, wannan kuma yana sosa wa Yahuza rai. Ba ya son ganin mutumin da ke gaishe shi a tsaye. Ya sayi sabon babur ya aika masa. Dalyop ya yi ta kakkaucewa, daga baya ya karɓa don gudun a ce ya raina. Da Kirsimeti Maman Sofiya ta yi abin da ta saba tun suna gidan haya, lokacin da kwano ke yawo tsakaninta da Adawiyya salla da Kirsimeti. Ta dafa shinkafa da kaji biyu, ta haɗa da kwandon dankalin da aka kawo mata daga gida, ta yi ado ta kawo da kanta. Ta yi rashin sa'a ta tarar da Yahuza a ƙofa. Ya ce ta koma da kayanta, ko murfin bai bari an ɗaga ba.

"Alhaji," in ji ta, "shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya da matarka. Yau ne namu ya zama ƙazanta?"

Ya ce ba haka ba ne, ya shige mota. Ya bar ta da zaton addininta ya ƙyamata, don wannan zaton ya fi masa sauƙi a kan gaskiya. Bayan wata biyu Dalyop ya faɗi a kan babur ɗin a hanyar Kiyawa, titi fetal babu mota babu rami, bai tashi ba. Da aka ƙaddamar da shari'a baƙi da yawa suka tsorata suka tattara, Maman Sofiya ma ta ɗaure kayanta. Ta zo sallama da Adawiyya ta ƙofar baya, ta ce mata ba shari'a ce ta kore ta ba, ta zauna lafiya da Musulmi shekara tara. Ta ce wa Adawiyya ta duba duk wanda Alhaji ya ba wani abu, ta ga yadda ya ƙare.

A wannan lokacin ne surutu ya yi yawa a kan Inna Adama. Ana cewa ga mai ciyar da gari ya bar uwarsa tana kwana ruwa na zuba mata. Malamai suka fara jirwaye a wa'azi, abokan kasuwa suka fara yi masa dariya a ɓoye. Yahuza zai iya jure mutuwar mutane, amma ba zai iya jure a raina shi ba. Ya auna sunansa da ran uwarsa, sunan ya rinjaya. Ya gaya wa kansa ai boka ya ce ya bar masa ita. Ya gina mata ɗaki a gidansa, ya biya mata kujerar Makka, aka yi ta shela.

Inna ta zo da 'yar ƙwaryarta a naɗe cikin zane. Geron gayaunarta ne, ta surfa da hannunta, ta daka, ta dama fura irin wadda yake so yana yaro, da citta da kanumfari. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ta same shi a falo ta durƙusa da ƙyar ta ajiye a gabansa.

"Kai wannan, ga abin da nake da shi. Ba ni da abin da zan saka maka, ka sha ko kurɓi ɗaya ne in ji daɗi."

Ƙanshin ya bugi hancinsa. Ya san kurɓi ɗaya zai tsirar da ita. Ya kuma san kurɓin nan zai tafi da motoci biyar da bene da durƙuson mutane.

"Na ƙoshi, Inna."

"To ajiye, ka sha an jima."

"A ba yara. Likita ya hana ni fura."

Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ba ta ga Makka ba. Ta fara ramewa kamar ana tsotse ta, abinci ba ya zama, yatsunta suka ƙanƙance suka dunƙule har ba a iya buɗe su. Kwana talatin da takwas ta cika. Ranar sadakar uku aka kira shi aka ba shi kwangilar da ta fi kowace girma, ya kuma je ya sa hannu.

Adawiyya ta ga komai, ta haɗa da maganar Maman Sofiya. Ta tuna sarƙar zinariyar da ya rataya mata ranar buɗe gida don matan manya su gani. Ta cire ta jefa masa, amma an makara. Aka wayi gari tana tsakar gida ta tara duk kwanukan gidan tana wankewa. Ta wanke, ta zuba tsakuwa a ciki, ta rufe, ta ɗauka ta bi gida-gida tana ajiyewa a ƙofa tana cewa ga ramuwa, a yi haƙuri da kaɗan. Idan aka hana ta sai ta yi ta ihu tana yagar jikinta. Danginta suka zo daga Ringim suka tafi da ita a ɗaure, ba su karɓi ko kuɗin mota daga hannunsa ba.

Saura Mu'minatu, 'yarsa tilo, cikin nan da ya hana boka. Shekararta shida. Ita kaɗai ce abin da yake so a duniya bayan kansa, saboda haka bai taɓa miƙa mata ko alewa ba. Yarinyar ta tashi tana zaton ubanta ba ya ƙaunarta.

Ranar ƙaramar salla zaurensa ya cika da manyan baƙi. Yaran unguwa suka shigo yawon salla, ana ba kowa sabuwar takardar kuɗi. Sai ga Mu'minatu ta biyo layi cikin kwalliyarta, ta durƙusa a gabansa ta buɗe tafin hannu kamar sauran, ta ce, "Baba, barka da salla." Kowa a zauren na murmushi yana jira. Wane uba ne zai ba 'ya'yan wasu goron salla ya hana tasa a gaban mutane? Ya duba fuskokin baƙin. Ya zaro takarda ya sa mata a hannu. Ta fita da gudu tana tsalle tana nuna wa kowa.

Kwana uku zazzaɓi ya kwantar da ita. Asibiti suka yi gwaje-gwaje ba su ga komai ba. A rana ta biyar ta daina magana, ya ga 'yan yatsunta sun fara dunƙulewa.

Ya ruga bayan duwatsu. Babu Baba Arzika. Tun farkon shari'a samari suka kore shi suka ƙone bukkarsa. Amma tukunyar na nan a binne, babu wanda ya iya taɓa ta, jinin bakinta kuma ɗanye ne. Ya yi kira, ya yi magiya, babu mai amsawa. Hanya ɗaya ce ta rage, wadda ya sani tun ranar farko.

Sai dai wa zai ba shi? A cikin gidansa komai nasa ne. A gari kuwa magana ta riga ta fasu. Ya bi waɗanda suka ci nasa yana roƙon ko ƙwayar gyaɗa, suna ganinsa suna rufe ƙofa, don kowa ya ɗauka wani sabon tarko ne. Mutumin da ya mayar da kyautar gari guda ya yini yana yawo bai sami mai miƙa masa ruwa ba.

Da hantsi washegari ya isa Gidan Ashafa. Ya tarar da Jaji a bakin rumbu yana ɗibar gero, ya tsufa ya rame. Yahuza ya zube a ƙasa da babbar rigarsa, ya faɗi komai, tun daga tukunya har goron salla. Jaji ya saurara fuskarsa ba ta motsa ba.

"Ashe ka sani," in ji shi. "Ranar da ka juyo min da amalanke, ka sani."

"A lokacin ban tabbatar ba."

"Ranar furar Inna fa?"

Yahuza ya sunkuyar da kai.

"Wallahi don kai, ko kana cin wuta ba zan tofa maka yawu ba. Amma yarinyar ba ta kashe min ɗa ba." Ya zura hannu a ƙwarya ya damƙo gero, ya miƙo. "Gumina ne, ba na shanunka ba, su kam na daɗe da rabuwa da su. Na ba ka da son raina. Karɓi."

Ga gero nan, tazarar kamu ɗaya. Yahuza ya ɗago busasshen hannunsa, ya juya tafin sama a karo na farko cikin shekara bakwai. Sai ya hango motarsa a bakin hanya tana ƙyalli, direba na jira. Ya tuna buhunan da ke ɗakunan ajiya. Ya tuna tabarmar awo da tiya, da yadda waɗanda suka durƙusa masa za su zo su tsaya a kansa suna taya gero. Hannun ya tsaya a iska.

"Jaji," ya ce a hankali, "idan fa zazzaɓi ne kawai? Bari in kai ta Kano tukuna. In bai yi ba, gobe in dawo."

Jaji ya dube shi kamar yadda ake duban mushe. Ya buɗe yatsunsa, geron ya zube a ƙasa, kaji suka rugo suka hau tsattsaga. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya shige gida ya ja ƙyaure.

Yahuza ya isa Dutse bayan azahar, ya tarar an riga an rufe Mu'minatu da zane. Da aka zo wanka aka kasa buɗe hannunta na dama.

Daga ranar babu wanda ya sake karɓar ko allura daga gare shi. Ya aika da buhuna masallaci aka dawo da su. Ya ajiye a bakin titi, suka kwana bakwai ba a taɓa ba. Abin da ke cikin tukunya kuwa ya saba da ci, da bai sami na waje ba sai ya juyo gida. Ƙwari suka cinye hatsin ya zama gari mai wari, motocin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a kan hanya, ma'aikata suka gudu. Shi kansa ya fara ramewa. Shekararsa ta ƙarshe ya yi ta a ƙofar gida cikin tsumma, yana damƙo ƙasa yana miƙa wa masu wucewa yana roƙon su karɓa, iyaye na janye 'ya'yansu zuwa ɗaya gefen titi. Da ya mutu sai da wari ya sanar. A garin da ake barin kasuwa a ruga haƙa kabarin baƙo, nasa sai leburori aka ɗauka, mutum huɗu suka yi masa salla.

To kai mai sha'awar ka wayi gari ka fi kowa, ka ji. Wanda ya ce zai ba ka dukiya a kan ƙaramin sharaɗi, sharaɗin ne babba, ka tambayi wanda zai biya kafin ka zura hannu. Kuma ka ji tsoron zuciyar da ke ƙyamar cewa na gode. Ɗan abin da maƙwabcinka ya kawo maka a kwano, da ɗan abin da ka mayar masa, su ne ke riƙe da ku duka biyun a cikin mutane. Yahuza ya so ya zauna a sama shi kaɗai babu mai cewa ya taɓa yi masa komai. An ba shi abin da ya nema cif-cif, uwarsa da 'yarsa suka biya.